Filin Sana'a: Tanar Roba

Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma kifi ne babban shaida. A shekarar 1949, a garin Akron na ƙasar Amurka, wani ma'aikacin injuna mai suna Nick Creme da maiɗakinsa suka dafa roba a madafin gidansu, suka fitar da tanar ƙarya wadda kifi ke haɗiyewa da ƙugiya.

Har yau masu fatsa a can suna yin irinta a gida. Akan ɗora ruwan roba a wuta har zafinsa ya kai wajen digiri 177 na ma'aunin Salshiyas, a sa launi, kana a tsiyaya cikin mazubi mai siffar tana. Tilas a yi aikin inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin yana cutarwa.

To, amma fa tanar roba ba ta ruɓewa da wuri. In ta tsinke cikin ruwa kifi ya haɗiye, takan kumbura a cikinsa, ta hana shi cin abinci. Saboda haka masunci na gari ba ya jefa tsohuwa cikin kogi. Gida yake komawa da ita, ya sake narkewa.