Wa ya karya fukafukan Salma?

A wajen masu sayar da tsofaffin littattafan Larabci, irin na Azbakiyya a birnin Alƙahira, da wuya a rasa kwafin Al-Ajnihatul Mutakassira, wato Karyayyun Fukafukai. Jibran Khalil Jibran, ɗan ƙasar Labanan, ya wallafa shi a New York a shekarar 1912. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Azhar ko Khartum kan dawo da irinsa cikin akwati, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsa ya yage.

Kwafin da ya ratsa hannaye yana tona asirin masu karatu. Mukan tarar an ja layi a ƙarƙashin siffanta kyawun Salma Karama da kukan rabuwarta da masoyinta, shafin da aka yanke mata hukunci kuwa fes yake, babu ko ɗigon tawada. A ganinmu, a wannan shafin zuciyar littafin take.

Labarin gajere ne. Saurayi ɗan shekara 18 ya kamu da son Salma, ɗiya tilo ga attajiri Faris Karama na Beirut. Babban limamin coci Bulus Galib ya hango dukiyar, ya nema wa ɗan ɗan'uwansa Mansur aurenta. Faris yana ƙaunar ɗiyarsa, ya kuma san halin Mansur, amma ya kasa buɗe baki ya ce wa babba a'a. Salma ta yi shekara 5 a gidan da babu so, ta haifi ɗa namiji, jaririn ya koma a ranar, ita ma ta bi shi.

Mu masu karatu mun fi son mu kira wannan ƙaddara, domin in an ce ƙaddara babu wanda za a tuhuma. Jibran kuwa ya nuna masu laifi da yatsa: mai rigar addini da ya mai da ita tarkon dukiya, miji mai kwaɗayi, da uba na kirki wanda tsoro da kunyar manya suka ɗaure wa harshe. Na ukun nan shi muka fi sani. Muna da shi a Damagaram da Maraɗi da zangunan Kumasi, mutumin da ba mugu ba ne, amma ya fi jin nauyin baƙon da ya zo neman aure a kan hawayen ɗiyarsa.

Gaskiya ne salon Jibran ya cika zaƙi, hawayen littafin kuma sun yi wa mai karatun yau yawa. Wannan bai rage nauyin tuhumar ba. Saboda haka duk wanda tsohon kwafin ya faɗo hannunsa, kada ya tsaya ga ba wa samari da ƴan mata aro. Ya kai shi zaure, wajen iyaye da waliyyai, tunda su ake tambaya ranar da aka zo neman aure.