In ka yarda ka yi wa kyanwa allurar insulin, to ka yarda ka auna sukarinta

Wata Asabar da safe maƙwabcina ya shigo aron tsani, ya tarar da ni a kan tabarma, kyanwarmu Gimbiya a cinyata, ina ɗumama mata kunne da tsumma. Ya tsaya kallo har na soki gefen kunnen, ɗigon jini ya fito, na kai shi bakin na'urar awon sukari. Sai ya kwashe da dariya: "Kai Malam, Allah ya shirye ka! Mutane ba su samu awo ba, kyanwa ce za ta samu?"

Ban ji haushi ba, don maganarsa da ƙamshin gaskiya. A nan Yamai akwai masu ciwon sukari da ba a auna su sai ran da suka je likita, saboda ƴan takardun awon nan, bandelet, ba arha gare su ba. Duk da haka ina nan kan bakana: wanda ya yarda zai riƙa yi wa kyanwa allurar insulin, to ya yarda zai riƙa auna sukarinta a gida. Allura babu awo lalube ne cikin duhu, kuma da ran dabba ake yin sa.

Gimbiya ta shekara tara a gidanmu. Yara sun saba mata da tuwo da shinkafa da burodi har ta yi jiki. Bara sai muka ga tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ko'ina, tana ci tana ramewa. Likitan dabbobi ya ce ciwon sukari ne, kuma a kyanwa ya fi kama da nau'i na 2 na mutane: ya fi kama masu ƙiba da waɗanda suka manyanta, muzurai ma sun fi mata. Ya rubuta allura sau biyu a rana, awa 12 tsakani.

Me ya sa awon likita kaɗai bai isa ba? Saboda tsoro. Ka sa kyanwa a kwali, ka hau kabu-kabu da ita cikin rana, ka sauke ta inda ake warin karnuka. Tsoron nan shi kaɗai yana hau da sukarin jininta, ko da lafiyarta ƙalau. In a kan wannan adadi aka yanke yawan insulin, ana iya zarce ƙima. Likitoci sun san haka, shi ya sa suke da wani gwajin jini, furuktozamin, mai nuna matsakaicin sukari na kamar mako biyu zuwa uku. Amma matsakaici ba ya faɗa maka inda sukari ke faɗuwa a tsakiyar yini. Wannan sai a gida, a kan tabarmar da ta saba.

Kuma faɗuwar ce ke kashewa da sauri. Sukarin kyanwa mai lafiya yana wajen 80 zuwa 120 a na'ura mai nuna mg/dL, wato gram 0,8 zuwa 1,2 a lita, kamar yadda takardun awonmu ke rubutawa. In ya yi ƙasa da 60, an shiga haɗari. Wata magariba lokacin allura ya yi, Gimbiya ba ta cinye abincinta ba, amma a ido ba ta da komai. Na auna, na ga 54. Na ajiye sirinji, na ba ta kifi, na kira likita, ya ce kada a yi allurar. Da ido na bi, da na ƙara mata insulin a kan wannan adadi, mu kwanta barci. Ban san abin da za mu tarar da asuba ba. Alamomin faɗuwar su ne kasala, tangaɗi, makyarkyata, har farfaɗiya da suma. In an ga haka, a shafa mata zuma a dasashi, kada a ɗura mata a baki, a nemi likita nan take.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: ciwon sukarin kyanwa yana iya lafawa. In an kama shi da wuri, aka canza mata abinci daga tuwo zuwa nama da kifi, wasu sukan kai inda ba su buƙatar insulin kuma. To mai kyanwar da ba ya awo ta yaya zai sani? Zai ci gaba da allura, maganin da ya cece ta jiya ya zama ajalinta.

Aikin kansa ba wuya. Ka ɗumama kunne, ka sa auduga a bayansa, ka soki gefe da ƴar allurar awo, ka ɗauki ɗigo ɗaya, ka danne wurin kaɗan, ka ba ta ɗan abin da take so. Satin farko mun sha kokawa. Yanzu da ta ga tsumma take zuwa. Ina da littafi da nake rubuta lokaci da adadi da abin da ta ci. Ran da likita ya buƙata, nakan auna duk awa biyu tsawon awa 12, in kai masa. Shi ke ƙara insulin ko ya rage, ba ni ba. A gaya masa irin na'urar da ake aiki da ita, don ta mutane takan nuna ƙasa da ainihin sukarin kyanwa. A kuma lura da sirinji: akwai insulin U-40, akwai U-100. In ka ja U-100 da sirinjin U-40, ka ba ta ninki biyu da rabi.

Sai zafinmu. A Afrilu da Mayu Yamai na wuce digiri 40, insulin kuwa tsakanin 2 da 8 ake ajiye shi, a firigo, ba wajen ƙanƙara ba. In an ɗauke wuta ya daɗe, nakan rufe kwalbar cikin roba in sa a randa. Insulin da zafi ya kashe ba lallai ya canza kama ba. Littafin awo ne zai tona shi, in ka ga adadi na hawa kwana da kwanaki ba dalili.

Na koma ga maƙwabcina. Insulin ɗin nan, a jikin karnuka Banting da Best suka gwada shi a Toronto a 1921, kafin a yi wa mutum na farko a 1922. Ba yau dabba da mutum suka fara tarayya a wannan magani ba. Kuma in na daina auna Gimbiya, ba majinyaci ko ɗaya da zai samu bandelet a kan haka. Fushinmu ya kamata ya tafi kan tsadar kayan awo, mu matsa a sauƙaƙa su ga mutane. Wanda ba shi da hali kuwa, ya faɗa wa likita gaskiya tun farko, a tsara masa awo gwargwadon aljihunsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayi insulin a ce awo almubazzaranci ne.

Da yamma ya dawo da tsanin, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce tsohuwarsa ma allurar take yi, kuma kwanan nan kafin azahar sai ta yi ta zufa, hannu na rawa, suna cewa zafi ne. Na ce masa kada ya jira ranar da aka ba su, gobe ya kai ta likita, ya faɗi lokacin da abin ke zo mata. Litinin da sassafe na ji tashin babur ɗinsa.