Raddi Ga Masu Cewa Bautar Hekate Ba Ta Taɓa Yankewa Ba

Wasu daga cikin masu bautar Hekate, allahiyar Girkawa, a Amurka da Ingila suna cewa gado ne suka karɓa hannu da hannu tun zamanin Girkawan da, kuma wai ita tsohuwa ce tukuf, uwar matsafa. Duka da'awoyin biyu ba su da madafa.

Mu fara da tsufan. Wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mawaƙi Hesiyod ya siffanta ta da wadda Zeyus, babban allan Girkawa, ya ba rabo a ƙasa da teku da sama, mai taimakon masunta da makiyaya. Bai ambaci tsafi ba, balle furfura. Masu zane a jikin tukwane budurwa suka yi ta, riƙe da sandunan wuta, haka ma gumakanta masu fuska uku da ake kafawa a ƙofar gida da mararraba. Ra'ayin kasa allahiya gida uku, budurwa da uwa da tsohuwa, marubucin Ingila Robert Graves ne ya yayata shi a 1948. Za su ce ai matsafiya Mediya ta kira sunanta a wasan Yuripidis na shekara 431 kafin Miladiyya. Wannan gaskiya ne, alaƙarta da tsafi daɗaɗɗiya ce, amma ba ta mai da ita tsohuwa ba.

Batun silsila ya fi rauni. Bautarta ta asali ta jama'a ce: a Lagina, kudu maso yammacin Turkiyya ta yau, tana da haikali da masu hidima da bikin zagaya mabuɗi. A Atina kuwa, ƙarshen kowane wata akan ajiye mata abinci a mararraba, talakawa su kwashe, har marubucin wasan kwaikwayo Aristofanis ya yi ba'a da hakan. Sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta yanka ga gumaka a 392 Miladiyya, haikalai suka zama kufai. To, wa ya karɓa daga wa? Da an nemi isnadi sai su kawo littafin Margaret Murray na 1921, mai cewa waɗanda aka kashe da sunan maita a Turai mabiya tsohon addini ne a ɓoye. Masana tarihi sun yi watsi da shi, domin hujjarsa ikirarin mutanen da ake tuhuma ne, da yawansu a ƙarƙashin azaba. A kan littafin nan Gerald Gardner ya ɗora addinin Wika da ya bayyana a 1954, kuma Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi diddigin wannan a 1999, ya nuna ginin zamani ne.

Saura hujjar cewa sunanta bai ɓace ba, tunda ya fito a wasan Macbeth. Sunan ya rayu ne a littattafan da 'yan makaranta ke karantawa da Latin, ba a wurin ibada ba. Masu adalci a cikin masu bauta mata a yau ma farfaɗowa suke kiran abin, kuma zaɓe suke yi: Girkawa kare suke yanka mata, na yanzu kuwa sadaka suke kaiwa gidajen kula da karnuka da sunanta.