Hakiya Da Maganinta

Zuwa ga Edita. A filina na wannan mako ina so in yi magana da 'yan'uwa a kan hakiya, domin duk wanda ya bi ta ƙofar Fada ran Juma'a, ko ya ratsa kasuwar birnin nan, ya san yawan bayin Allah da ta raba da ganinsu.

Da fari sai mu rarrabe ta da yana, gama mutane su kan haɗa su. Yana can cikin ido ta ke, yawanci ta tsufa ce, likita ya kan cire ta mutum ya koma yana gani. Hakiya kuwa a waje ta ke. A bisa baƙin ido akwai wata 'yar fata garai-garai kamar gilashin agogo, faɗinta bai cika rabin inci ba, ta nan haske ke shiga. In ta yi gyambo ya warke, sai ya bar tabo fari. Wannan tabo shi ne hakiya. Kun san kuwa ba a wanke tabo, balle a ce kwalli zai kankare shi.

To, me ke kawo gyambon? A ƙasarmu babban mai laifi baƙon dauro ne. A 1979 waɗansu likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Sandford-Smith da Whittle, suka buga bincikensu a kan wannan. Sun duba yaran wata makarantar makafi, suka iske kusan bakwai cikin goma ciwon wannan 'yar fata ne ya makantar da su. Ga yadda abin ya ke. Yaron da ba ya samun abinci mai kyau, sinadarin nan bitamin A ya kan yi ƙaranci a jikinsa. In baƙon dauro ya zo sai ya cinye ɗan abin da ya rage, fatar idon ta bushe, ta tsage, wani lokaci ta narke cikin 'yan kwanaki. Yaro yana kwance a ɗaki mai duhu, ido rufe, uwa tana cewa a bari ƙurajen su gama fitowa. Ran da ya buɗe ido, aikin gama ya gama. Alhali maganin bai taka kara ya karya ba: allurar rigakafi in yaro ya kai wata 9, in kuwa cutar ta riga ta kama shi, a ba shi bitamin A ran nan da kashegari. Manja da zogale da hanta da ƙwai su ma suna da shi.

Manya kuma nasu ya fi zuwa da kaka, sa'ad da karan dawa ko ƙaiƙayi ya soki manomi a ido. Ga amosanin ido, wanda ke juyar da gashin ido ciki ya yi ta kartar fatar shekara da shekaru, ƙaramin aikin asibiti kuwa ya kan mai da gashin waje.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗure-ɗuren da mu ke yi. Wannan ya ce ruwan ganye, wancan ya ce nonon mace, wani ma fitsari. Mu da mu ke taƙama da ilmi ba mu tsira ba, sai mu aika yaro kanti ya sayo maganin ɗigawa. Akwai irin da ke kwantar da jan ido nan da nan, mutum ya ce ya dace, ashe hana jiki yaƙi da cutar ya ke yi, gyambo na ci ta ƙarƙashi har ya huda idon. Ido in ya yi ja, yana zogi, yana gudun haske, balle an ga ɗigon fari a baƙinsa, a nufi Shika ko asibitin ido na Kaduna ran nan. Kada a jira ranar kasuwa.

Wanda hakiya ta riga ta rufe fa? Ba a yanke ƙauna ba. In tabon a tsakiya ya tsaya, likita ya kan buɗe 'yar taga a gefen baƙin idon, haske ya kewaye tabon. In ya game, sai dashe, watau a yanke fatar da ta lalace a ɗinka ta wani mutum. Likita Zirm ya fara cin nasarar wannan a 1905, a garin Olomouc na ƙasar Cek ta yau, ga wani lebura wanda farar ƙasa ta ƙone wa idanu. A 1944 aka buɗe ma'ajiyar farko ta irin wannan fata a New York ta Amurka. Amma kada in ruɗe ku, dashe ba ya karɓar kowane ido, ga tsada, ga zirga-zirgar asibiti wata da watanni.

Babbar wahala dai samun fatar, domin daga mamaci a ke ɗaukarta, cikin 'yan sa'o'i bayan rasuwa. Fuska kuwa ba ta sakewa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci a dasa wa mai bukata, bisa sharaɗin izninsa tun yana raye ko na magadansa. Mu nan ba mu jinkirta jana'iza, sabo da haka sai an yi shawara tun da sauran numfashi. Ina roƙon malamanmu na Kona da na Juma su duba wannan mas'ala, su rubuto wa Edita abin da su ke gani, a buga kowa ya karanta.

Wani Akawu, Birnin Zazzau.