A Ƙyale Yaron Nan Ya Yi Yaƙinsa



Makon jiya wata maƙwabciyarmu a nan Zuba ta tare ni a ƙofar gida, hankalinta a tashe. Ɗanta mai shekara 13, da ya dawo daga Islamiyya sai ya shige zaure, ya shimfiɗa kwalin da ya samo a kasuwar 'ya'yan itace, ya jera dawakai da mahayan da ya ƙera da laka, ya kasa su gida biyu, ya yi ta yaƙi shi kaɗai har magariba. Ya yi magana da muryar wannan sarki, ya amsa da ta wancan. Har da wani dodo mai kai uku, wai a bayan dutsen Zuma yake kwana. An ba ta shawarar kai shi ruƙiyya, mahaifinsa kuwa ya riga ya tattake rundunar sau ɗaya.

Na je na zauna na kalla, kuma ra'ayina shi ne a ƙyale shi.

Yaron yana da dokoki rubuce a bayan tsohon littafin lissafi. Mai doki tafiyar taƙi ɗaya yake yi, na ƙasa rabin taƙi. Maharbi ba ya harbi in dutse ya kare masa gani. In biyu suka gamu, sai ya zari takarda daga gwangwanin madara, an rubuta 1 zuwa 6, mai babbar lamba ya ci. Dodo kuwa ba shi da zaɓi, wanda ya fi kusa da shi yake afka wa. Ranar nan jaruminsa, wanda ya fi kowane ado, ya zari 1. Na ce masa, "Sake ɗauka mana, wa zai gan ka?" Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai in na sake, wasan ya lalace." Ya kwantar da jarumin a gefe yana ɓata rai.

Ku faɗa mini, manya nawa ne a cikinmu za su yanke wa kansu hukunci haka, babu alƙali, babu shaida? Mun sha ganin dattawa a gindin bishiya ana cacar baki kan dara saboda wani ya matsar da tsinke da aka juya baya.

Kuma ba shi ya fara ba. Tun 1824 ake koya wa hafsoshin sojan Furusiya, a Jamus ta yau, dabarun yaƙi da irin wannan wasa a kan taswira. Marubucin nan na Ingila H.G. Wells ya fitar da littafin dokokin yaƙi da sojojin wasa a 1913. Kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer a 1983, magidanta na sayen 'yan mitsi-mitsin mayaƙa da dodanni su zauna suna yi musu fenti. Akwai ma irin su Rangers of Shadow Deep na Joseph McCullough, da aka tsara yadda mutum ɗaya zai iya bugawa, takarda ce ke tafiyar da abokan gaba. Abin da suke saye da kuɗi masu yawa, namu ya ƙirƙiro shi da laka da gwangwani.

Na san inda damuwar iyaye take, ban kuma raina ta ba. Ƙwayar ludo akwai maganar malamai a kanta, amma yaron ba ya amfani da ita, ba kuma kuɗi a ciki. Batun mutum-mutumi, a tambayi malamai, sai dai a tuna hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa cikin kayan wasan Nana A'isha (RA) har da doki mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Abin lura na gaske shi ne lokaci. In wasan ya ci salla ko karatu, ko yaron ya daina shiga cikin tsararsa gaba ɗaya, a tsawata. Amma mahaifin da ya fasa dawakan, ya sani ba karatu zai maye gurbinsu ba. Waya ce, ko zaman bakin tasha.

Kafin in tashi na ba shi labarin da ya fi dodonsa: yadda Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa bayan jihadin 1804 ya sauka nan Zuba, da yadda ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda muke kira Suleja yanzu. Bai taɓa ji ba, duk da a garin aka haife shi. Jiya ya aiko ƙaninsa ya tambaye ni ko mahayan Makau suna sa lifidi, don yana so ya san irin lakar da zai ƙara wa dawakan.