Hawan Jini Ba Ciwon Tsofaffi Kaɗai Ba Ne

Ya kai mai karatu, ko ɗalibi ne kai ko mahaifi, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka a kan wani ciwo da mu mutanen Dogon Daji muka ɗauka na alhazai masu tumbi ne, ko na tsohuwar da tunani ya yi wa yawa.

Bara wani yaro ɗan shekara 15 a ajina ya riƙa kifa kai bisa benci lokacin hadda. Na ɗauka lalaci ne, har na yi masa faɗa, Allah Ya yafe mini. A gida aka ce zafin rana ne, gwaggonsa kuwa ta ce kambun baka ne, don yaron na da ƙoƙari. Sai da fuskarsa ta fara kumbura da safe, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, sannan aka kai shi asibiti. Aka tarar jininsa ya hau ƙwarai. Ashe ƙazuwar da ya yi ta susa ce ta zama gyambo, ƙwayar cutar ta janyo masa kumburin ƙoda. Alhamdu lillahi ya warke, ya dawo karatu.

To, ɗan'uwa, awon jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Lafiyayye bai cika kaiwa 120 bisa 80 ba. A 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yaron da ya kai shekara 13, in ana samun awonsa 130 bisa 80 ko fiye a zuwa uku daban-daban, to yana da hawan jini. Abin tsoron shi ne sau da yawa ba ya nuna alama. Yaro na buga ƙwallo, yana zuwa gona, alhali ciwon na cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ido a hankali, sai ya girma a ga shanyewar ɓarin jiki a ce iska ce ta buge shi.

Akwai gado: in uba ko uwa na shan maganin hawan jini, a sa ido a kan ɗiyansu. Akwai ƙiba da rashin motsa jiki, ko da yake mafi yawan yaranmu na karkara ba nan matsalarsu take ba. Ni inda na fi zargi shi ne bakinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi guda, yaro kuwa ƙasa da haka. Yanzu ka lissafa mini: miya an sa gishiri an ƙara magi, da tara ka sayi awara an barbaɗa yaji mai gishiri da magi, da dare ga indomi wurin mai shayi an juye ƙullin ɗanɗanonta duka. Ga kanwa, wadda ita ma 'yar'uwar gishiri ce. Ban ce a ci abinci lami ba, amma daddawa da albasa da tafarnuwa sun isa su ba miya daɗi.

Samari kuma, ku nake nufi. Sigari da shisha da lemun nan na ƙara kuzari duk suna zaburar da zuciya. Haka ƙwayoyin da kuke cewa maganin gajiya, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye wurin mai talla a haɗiya kafin a shiga noma. Yawan shansu na lahanta ƙoda, yana ɗaga jini.

Sai 'yan matanmu, kuma wanga shi ya fi damuna. Da yawa cikin ɗalibanmu kan yi aure kafin su kai 20. Cikin fari ga mai ƙananan shekaru ya fi haɗarin hawan jinin ciki, wanda in an yi sakaci yakan kai ga jijjiga, a rasa uwa ko jariri ko duka biyun. In mai ciki ta kumbura a fuska da hannu, ko kai ya matsa mata, ko ganinta ya yi dishi-dishi, ba lokacin turare da tofi kaɗai ba ne. Ni ma ina tofi, amma ina cewa a nemi mota. Miji, barin matarka zuwa awon ciki na cikin haƙƙinta a kanka. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai na Tambuwal, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Shawarata ga kwamitin iyaye ita ce a haɗa kuɗi a saya wa makaranta na'urar awon jini, tare da maɗaurin hannu ƙarami da babba, don wanda bai dace da dantsen yaro ba yana ba da lambar ƙarya. A roƙi wani ma'aikacin lafiya ya zo farkon kowane zango ya auna 'yan manyan azuzuwa, kowa ya zauna ya huta minti 5 kafin a ɗaura masa. Wanda lambarsa ta hau a sake auna shi wata rana, in ta tsaya a nan a rubuta wa mahaifinsa takarda. Zan kawo maganar a zaman kwamiti mai zuwa in sha Allahu, kuma ni zan fara miƙa nawa hannun.