Kunne ke sauraro, ba aljihu ba

Na gaji da masu auna ampli da farashinsa da yawan wat. Wai tunda McIntosh MA12000 na ba da wat 350 a kowane gefe, dole ya fi kowa daɗin sauti. To Accuphase E-800 fa? Wat 50 gare shi, kuma shi ma kuɗinsa miliyoyin sefa ne.

Aikin irin wannan ampli biyu ne cikin akwati guda: ya karɓi sautin ya daidaita ƙararsa, sannan ya ba shi ƙarfin motsa lasifika. Shi ke nan. In ka ninka wat, desibel 3 kacal ka ƙara.

A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta sa mutane sauraro ba tare da sun san wane ampli ke aiki ba, ƙara daidai wa daida. Bambance mai araha da mai tsada ya gagare su.

Ban ce banza ne ba, ƙirarsu na da ƙwari. Amma E-800 ɗan aji A ne, yana cin wuta yana fidda zafi ko ba a kiɗa komai. Ka kai shi ɗaki a Tawa cikin watan Afrilu, ka gani! Kuma waƙar Ɗanƙwairo da aka kwaso daga tsohon kaset ta bi ta WhatsApp, babu amplin da zai maido mata abin da ta rasa.

Ɗan'uwa, fara gyara lasifika da ɗakinka. In za ka saya, juya baya, wani ya riƙa canza maka. In kunnenka bai gane mai tsadar ba, riƙe kuɗinka.